Shekarar da Na Juya Kakanku

A bikin 'yarki, Dije, wanda aka yi a nan Funtua bayan ƙaramar salla, ina zaune a gefen rumfa ina jiran a kawo mini ruwan alwala, sai na ji wata yarinya sa'ar jikata tana nuna ni da baki, tana ce wa ƙawarta ga tsohuwar da aka ce an kama a kan gadon surukinta. Ba ta san ina ji ba. Yaran yanzu suna ɗauka in idon mutum ya yi rauni, kunnensa ma ya tafi. Ban ce mata uffan ba, don ba ita ta ƙirƙiro maganar ba, gadonta ta yi. Amma da na koma gida abinci ya ƙi shiga, na ce ashe maganar nan tana nan da ƙuruciyarta, ni kaɗai na tsufa. Shi ya sa na zauna zan rubuta muku yadda abin ya faru, ku ukun, Abba da Dije da Ummi. Duk waɗanda suka gani da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. In kun yarda, to madalla. In ba ku yarda ba, dama ban saba a yarda da ni ba.

Daga Kafur aka kai ni Ƙarfi, gidan kakanku Malam Isiyaku, Allah ya yafe mini, yau ne farkon ranar da sunansa ya fito daga wurina. Baba nake ce masa. Ƙaton mutum ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, in ya shigo zaure sai ya sunkuya. Yana cikin yaran farko na yankinmu da aka ɗiba aka sa a boko, kuma ya yi nisa, har ya je wata kwaleji inda wani Bature ya koya musu Latin, harshen mutanen Rum na dā. Ya dawo Malumfashi ya kama koyarwa, ba a jima ba aka cire Latin ɗin daga makarantu, sai ya koma koyar da Turanci har ya yi ritaya ya rungumi gonar audugarsa. Abokansa na majalisa suna tsokanarsa wai ya tafi neman ilimi ya dawo da yaren matattu. Shi kuma sai ya yi dariya ya ce ai matattu sun fi daɗin hira, ba sa katse mutum.

Ku da kuka tashi yanzu, surukai suna cin abinci a faranti ɗaya, ba za ku gane irin kunyar da ke tsakanina da shi ba. Na haifi 'ya'ya uku a gidan nan ban san kalar idonsa ba. In zan wuce ƙofar ɗakinsa sai na cire takalmi na riƙe a hannu. In muka yi kiciɓis a zaure, sai in durƙusa in juya fuska bango har ya wuce. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, mutanen Kafur yake ce mini, kuma ko ina tsaye a wurin ba da ni yake magana ba. Sai ya dubi kakarku Inna ya ce, a gaya wa mutanen Kafur miyar yau ta yi daɗi, amma a tambaye su ko gishiri ya yi araha ne a garinsu. Tsakaninsa da babanku kuwa abin ya fi haka, don shi ne ɗan fari. Wancan yake ce masa. Ba su zama inuwa ɗaya, ba su haɗa ido, duk abin da ɗaya yake so ya gaya wa ɗaya sai ya bi ta bakin Inna. A lokacin ban ga laifin haka ba, tarbiyya muke ce masa, muna ma alfahari da shi.

Da farkon damina abin ya same shi, yana gona ana shuka. Ya sunkuya zai ɗauki ƙwaryar iri, bai ɗago ba. Aka kai shi asibiti a Malumfashi, aka ce hawan jini ne, aka dawo mana da shi ɓarin jikinsa na hagu a shanye, daga kafaɗa har ƙafa. Bakinsa ya ɗan karkace, amma maganarsa tana fita, hankalinsa kuma garau. Kwanakin farko gidan ba masaka tsinke, 'yan dubiya wannan na fita wannan na shiga, in ana son a gyara masa kwanciya maza huɗu ne za su miƙe. Da ruwa ya zauna aka shiga noma, sai ƙafa ta ɗauke. Ba mugunta ba ce, kowa ya san ciyawa ba ta jiran mai dubiya. Babanku kuma sana'arsa ita ce sayen hatsi a kasuwannin ƙauye, ya cika mota ya bi ta kudu, in ya tafi sai an gan shi. Ƙanensa soja ne, yana can wata uwa duniya. Daga hantsi har la'asar ba namiji ko ɗaya a unguwar sai tsofaffi. A gidan kuwa daga ni sai ku ƙanana sai Inna, ga ta 'yar firit, ga sanyin ƙashi ya cinye mata yatsu, ko bokiti cike da ruwa ba ta iya ɗagawa. Abin da take iyawa shi ne ta ba shi abinci, ta tura masa kwano, ta share masa fuska da gaba. Haka yake kwance rigingine, yadda aka ajiye shi.

Wadda ta fara ganowa Sista Bose ce, ma'aikaciyar jinya, 'yar wani Bayarabe mai sayar da atamfa a Malumfashi. A nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa, kuma Baba ya koyar da ita a makaranta, shi ya sa ta hau mota ta zo duba shi. Tana shiga ɗakin ta tsaya ta ja hanci. Ta sa kafaɗa ta ɗan karkata shi, ta ɗaga rigar, ta kira Inna. Ni ina bakin ƙofa a waje, ina jin su.

"Inna, yaushe rabon da a juya Malam?"

"Tun da yaron nan ya tafi. Ai ba ya cewa komai, 'yar nan."

"Ba zai ce ba. Dubi nan, ƙasan bayansa. Wannan gyambon kwanciya ne. Ba shanyewar jikin ce za ta kashe shi ba, wallahi wannan ne, in aka bar shi. Sai an riƙa juya shi, dama da hagu, safe da rana da yamma, kada ya daɗe a gefe ɗaya. A wanke da ruwan ɗumi da gishiri, a sa maganin da zan bari."

"To wa zai juya shi?"

Sista Bose ta leƙo ta dube ni, daga sama har ƙasa. Ni dama ƙatuwa ce, a gidanmu ni nake ɗora wa yayyena dami a ka. Ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta riga ta.

"Wannan surukarsa ce."

Sista ma 'yar gari ce, ta san abin da ake nufi. Ta nuna wa Inna yadda ake shimfiɗa zani a ƙarƙashin majinyaci a ja ta gefe, ta ajiye magani, ta tafi tana waiwaye.

Inna ta gwada, ba zan ci haƙƙinta ba. Ina ji tana nishi tana ja, zanin yana suɓuce mata, har ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ta aika maƙwabta, aka ce duk suna gona. Washegari da rana tsaka ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji wani sauti daga ɗakinsa, ba kira ba ne, irin nishin da mutum yake yi in ya ciji abu don kada a ji shi. Na ci gaba da tankaɗe. Ya sake. Ban san sa'ad da na ajiye rariyar ba. Na cire takalmi, na ja mayafi na rufe rabin fuskata, na yi sallama da muryar da ni ma ban ji ta ba, na shiga. Na kama bakin zanin da hannu biyu, na kafa gwiwa a gefen gado, na ja. Nauyinsa ya fi buhun masara, amma ya taho. Na tura matashi a bayansa, na sa wani a tsakanin gwiwoyinsa yadda na ji Sista ta ce. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Na fito kamar na yi sata.

Haka muka yi ta yi, ni ina kasa kunne ina jiran nishi, shi kuma yana danne nishin don kada ya zama ya kira ni. Wani lokaci in shiga bai buƙata ba, wani lokaci in makara har ya jiƙe da gumi. Rannan na gama gyara shi zan fita, sai ya yi gyaran murya, fuskarsa tana kallon bango.

"A gaya wa mutanen Kafur su dakata, akwai karatun da za a yi musu."

Na durƙusa a bakin ƙofa.

"A Latin, in za a ce a juya abu, akwai kalmar da kowane ɗalibi ya sani, vertere. Ita ake yi wa garma in ta juya ƙasa, ita ake yi wa mutum in ya juya baya. To tana da wata 'yar'uwa da ba kasafai ake gamuwa da ita a littafi ba, reversare. Ita wannan ba juyi ɗaya ba ne. A juya abin da aka riga aka juya, a sake mayar da shi ɗaya gefen, yadda mai gasa masara take yi a bakin tasha don kada gefe ɗaya ya ƙone. Baturen da ya koya mana cewa ya yi kada mu wahalar da kanmu da ita, har mu mutu ba za mu buƙace ta ba. Allah ya nuna mini ƙaryarsa."

Ya ɗan huta, don magana mai tsawo tana gajiyar da shi.

"In mutum ɗaya za a ba umarni, sai a ce reversa. To in an ji na faɗe ta, shi ke nan. Ni ban roƙi surukata ta taɓa ni ba, ita ma ba ta ji surukinta ya roƙe ta ba. Masu harshen duk sun mutu, babu wanda za mu ji kunyarsa."

Na cusa mayafi a baki, dariya ta ƙwace mini. Ranar ce ta farko da na yi dariya a gabansa. Ke Ummi, in kin tuna, bara na sa kin duba mini wata kalma a wayarki, kika ce Mama ina ke ina wannan, na ce ba komai. To ita ce. Na so in tabbatar ba mafarkinta na yi ba, kuma a wurinki na ga yadda ake rubuta ta.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a gidan, ko da yake na san wannan maganar ma za a iya juya mini ita. Ina daka ko ina wanki sai in ji muryarsa daga ɗaki, reversa, kamar malami yana kiran suna a aji. In wanke hannu in shiga. Gyambon ya fara tsotsewa, bakinsa ya yi ja mai kyau, warin ya tafi. Baba ya koma cin tuwo da marmari, ya koma tsokana. Yana kallon bango zai ce, a gaya wa mutanen Kafur masarar ta gasu ta nan gefen. Wata rana ya ce shekara da shekaru yana koyar da yara, bai taɓa samun ɗalibin da ya riƙe darasi irin wannan ba, kalma ɗaya aka koya masa amma bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Sista Bose ta dawo ta duba, ta fito ta same ni a madafi, ta dafa kafaɗata ba ta tambayi kowa komai ba. Babanku in ya dawo daga kudu yakan shiga da safe ya juya shi, kowa ya kau da kai, cikin gaggawa, ba ya ɗaga riga balle ya ga abin da ke ƙasa. Ya ɗauka juyin da yake yi ne yake riƙe da tsohon.

Inna ta sani. Wannan ku riƙe shi da kyau, don a kansa komai ya rushe. Duk sa'ad da ya yi kiran, in tana ɗakin sai ta miƙe ta ce bari in duba awakin nan, ta fita ta bayan gida, ba ta dawowa sai ta ji na zubar da ruwa. Ita take ɗora mini ruwan ɗumin tun da safe. Ita take auna gishirin ta ajiye a murfin kwano a bakin ƙofa. Ba mu taɓa yin maganar da baki ba, amma har naman miya ta riƙa ƙara mini.

Masara ta fara bushewa a gona ranar da gwaggonku Balaraba, ƙanwar babanku, wadda ke aure a Danja, ta sauka daga kan babur da rana tsaka ba aike ba sanarwa. Inna tana wajen awakinta. Ni ina kan gadon a durƙushe, don in ba ka hau ba hannunka ba ya kaiwa, na naɗe rigarsa har kafaɗa, ina wanke masa ƙasan baya, shi kuma yana ba bango labarin wani abokinsa na kwaleji yana dariya. Ta ɗaga labule. Salatin da ta saka sai da ya tara matan unguwa kafin in sauko daga gadon.

"Na shiga uku! Me zan gani haka? Ke! A kan gadon ubana? Tsirara?"

"Balaraba, zo ki duba bayansa, ciwo ne nake wankewa."

"In duba me? In ga tsiraicin ubana? Ni ba irinki ba ce, a gidanmu an koya mana kunya!"

Kafin magariba labarin ya gama Ƙarfi, kuma ko'ina ya je sai ya ƙara kiɓa. Yara sun sha jin kiran da yake yi mini, aka tambaye su suka faɗa. Sai aka ce har wani yare muke da shi mu biyu wanda matar gida ba ta ji. Wasu suka ce asiri na yi masa don gonar auduga. Wasu suka faɗi abin da ya fi wannan muni, a kan mutumin da ko ƙuda ba ya iya korewa da hannun hagu.

Da babanku ya dawo aka zauna a tsakar gida, shi da Balaraba da Inna da limamin unguwa, ni ina gefe a durƙushe, Baba yana ɗaki yana jin komai ta bayan labule. Liman ya yi gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ya ce uban miji muharrami ne, kuma jinya lalura ce, shari'a ba ta kama yarinyar nan da komai ba, lada ma take da shi. Babanku ya ce, Malam, ai ba a gaban alƙali nake zaune ba, a cikin mutane nake zaune. Sannan ya juya wajen Inna.

"Inna, da saninki ake wannan?"

Na ɗago na dube ta. Kalma ɗaya nake nema. Ta dubi 'yarta, ta dubi matan da suka yi cirko-cirko a bakin zaure, ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta.

"Ni ina wajen awaki. Ban san abin da ake yi ba."

Sai muryar Baba ta fito daga ɗaki, da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba.

"A gaya wa wancan, ni na sa ta! A gaya masa ya zo ya duba!"

"Kun ji ko?" in ji Balaraba. "Ciwon nan ya taɓa masa kai. Mutumin da ya koma sambatu da yaren da ba na Musulmi ba, maganarsa za a kama?"

Labule ɗaya ne tsakanin babanku da gaskiya. Taku kaɗan zai yi ya ɗaga rigar ya gani. Bai shiga ba, don bai taɓa tsayawa gaban ubansa sun yi magana ido da ido ba, balle a kan irin wannan. Baba ma ko a wannan halin bai iya kiran sunan ɗansa ba. Babanku ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Tsoron bakin mutane ne ya fi ƙarfinsa. Ya yanke cewa zan zauna a ɗakina, amma ƙafata kada ta ƙara taka ɗakin Baba, in na taka kuwa a bakin aurena. Ya ce ya yi magana da wani maƙwabci zai riƙa shigowa safe da yamma. Balaraba ta ce za ta zauna ta kula da ubanta.

Maƙwabcin ya zo na 'yan kwanaki, aka shiga girbi ya ɓace. Babanku ya bi mota. Kulawar Balaraba kuwa ita ce ta dama masa kunu, ta miƙa wa Inna, ta shimfiɗa tabarma a inda take hango ƙofar ɗakin da ƙofar nawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun. Baba bai ƙara kira ba. Ko nishin ma ya daina. Na san don ni yake yi, yana kwance namansa yana ruɓewa ya kama bakinsa don kada aurena ya mutu. Ina daka ina kasa kunne, ba abin da nake ji sai kukan kaji. Abinci ya fita raina. Sai warin ya dawo, da farko in iska ta kaɗo, daga baya ko'ina a tsakar gidan, kowa yana ji, kowa yana yi kamar bai ji ba. Inna ta riƙa kunna turaren wuta a bakin ƙofa.

Ranar da na ga ƙudaje sun yi baƙi a jikin labulen, ina riƙe da taɓarya. Balaraba tana zaune tana yi miki kitso, Dije. Na tsaya na dube ku, ke kina gabanta, Abba yana wasa da gwangwani, Ummi tana bayana. Na san abin da zan rasa, kada wani ya ce muku ban sani ba ko ruɗewa na yi. Na jingine taɓaryar, na juye ruwan zafi a kwano, na surka, na ɗebi gishiri a gaban idonta, na wuce ta. Har wani murmushi ta yi.

Ya rame har na kusa kasa gane shi. Da ya ji motsina ya juyo da ido, ya dube ni sosai, ni ma na dube shi. Ashe idanunsa ba baƙaƙe ba ne, ruwan ƙasa ne.

"Zainabu, fita. Ban kira ba."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar.

"Na sani, Baba."

"Za su raba ki da 'ya'yanki. Ni na gama nawa. Fita, don Allah."

Na kama zanin na ja. Ya manne da bayansa, da ya saki sai ya taho da fata. Ramin da na bari ya kusa rufewa ya koma ya fi tafin hannuna faɗi, ga wani sabo a kwatangwalo. Na wanke ina kuka, shi ma yana kuka, ba wanda ya ɓoye wa wani fuska.

Babanku ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakina, bai shigo ba.

"Na ce kada ki shiga."

"Ka je ka ɗaga rigarsa ka gani, sannan ka dawo ka yi mini magana."

Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙasa. Na ɗauka zai je.

"Ki haɗa kayanki ki tafi Kafur. Na sawwaƙe miki."

Ummi kaɗai aka bar mini saboda tana nono. Ku biyun aka ce 'ya'yan gida ne, Balaraba za ta riƙe ku. Ban shiga na yi wa Baba sallama ba, an tsaya a ƙofar. Daga tsakar gida na ɗaga murya na ce Baba na tafi, a yafe mini. Ban ji amsa ba.

Baba bai kai ƙarshen cirar auduga ba. Liman ne ya gaya wa mahaifina yadda aka yi wajen wanka, ya ce da ƙyar suka raba shi da shimfiɗar, kuma babanku yana cikin masu wankan, da aka kifa gawar ya ga bayan sai ya fita da gudu ya yi ta amai a bayan gida. Ya gani ke nan. Na yi zaton ganin zai kawo shi Kafur, na yi ta sauraron sallamarsa a zaurenmu har na gaji. Bai zo ba, bai aiko ba, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe baki ya gaya wa kowa abin da ya gani ba. Nakan zauna in auna abin da na samu. Tsohon ban cece shi ba, wahalarsa kawai na ja ta yi tsawo. Ku kuma na rasa ku. Da za a mayar da ni tsakar gidan nan da taɓarya a hannu, shiga zan sake yi, amma ba zan yi muku ƙarya in ce hakan ya taɓa sanyaya mini zuciya ba. Bai taɓa ba, ko sau ɗaya.

Na je ta'aziyya, ko da yake mahaifiyata ta hana ni. Mata suka dare kamar na shigo da cuta. Na sami Inna ita kaɗai a ƙuryar ɗaki cikin takaba, ta ƙara ƙanƙancewa. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Sai ta cafke wuyan hannuna da yatsun nan nata masu ciwo, ta jawo ni kusa.

"Ya kira, Zainabu. Bayan kin tafi, da zafin ya fi ƙarfinsa, ya yi ta kira. Ina zaune kusa da shi, na san abin da yake nufi, na kasa ɗaga shi."

"Inna, ki faɗa musu. Ga su nan a waje. Ki ce da saninki, ko don yaran nan."

Aka yi sallama, wasu mata suka shigo. Ta saki hannuna, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta koma jan carbi.

Na fito. A zaure na gan ki, Dije, kina tsaye jikin bango, an yi miki sabon kitso, ba ki fi shekara biyar ba. Tun daga Kafur na ƙullo miki dakuwa a bakin zanina, don na san kina sonta. Na tsuguna, na kwance, na miƙa miki. Kika dubi dakuwar, kika dubi hannuna, sai kika mayar da hannuwanki baya.

"Gwaggo ta ce kada mu ci abin da kika taɓa."

Na mayar da ita na ƙulle, na gyara goyon Ummi, na kama hanyar tasha. Ba wanda ya raka ni.